Ka Riƙe Gabas

Ni dai ban taɓa son wayar nan ta zamani ba, ko da yake ita nake sayarwa a Tianhe, wata unguwa a nan ƙasar Sin, ita ce cina da shana. Abin da ya ƙara fitar mini da ita daga rai kuwa ya faru ne a bajekolin bazarar da ta wuce, lokacin da 'yan kasuwarmu na Kano ke cika gari kamar an yi musu shela. Wani tsoho ya shigo shagona da sanda, gemu fari fat, ƙafa tana ja. Azahar ta yi. Bai tambayi kowa komai ba, ya zaro waya ya ɗora a tafin hannu, wata koriyar kibiya mai nuna alƙibla ta yi 'yar rawa ta tsaya, shi kuma ya juya ya bi ta kamar raƙumi da akala. Ba musu, ba ɗaga murya, ba "ubana malami ne". Na tsaya bayan kanta ina kallonsa, domin na san shi, kuma na san abin da wata kibiya irin wannan ta taɓa ja mini a hannunsa.

Yaran yanzu da ke zuwa karatu garin nan ba su san an yi wata Tianhe kafin wannan ba. Suna fitowa daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kunne a toshe, ido a waya, su wuce ka ko sallama babu. In ka ce musu inda benen nan mai gilashi yake da gonar ganye ce da kududdufin kifi, sai su yi maka murmushin da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa. To, wallahi haka take. Da muka zo, mu biyar a jirgi ɗaya, gari ne na ƙararrawar keke. Da safe lasifika ce ke tashinmu, tana ƙirga wa ɗalibai motsa jiki, sannan ka ji ƙarar fulas-fulas ana tafiya ɗebo ruwan zafi a ɗakin tukunyar kwal. Akwai lokacin da bango ke gumi, ka shanya riga ta kwana ta wuni ba ta bushe ba sai warin raɓa. Abincin makaranta ba ya ciwuwa gare mu saboda naman alade, don haka muka haɗa tukunya ɗaya a kan risho. Mu sayo kaza da ranta mu yanka a bayan ɗaki, mu tuƙa tuwon shinkafa, mu kaɗa kukar da muka ƙunso daga gida. Daddawa kuwa in ta ji wuta, sai ka ga maƙwabtanmu 'yan ƙasa suna rufe taga suna tari. Ni ne ƙarami, saboda haka wanke tukunya da ɗebo ruwa nawa ne, ban kuma taɓa jin haushin hakan ba. Wanda bai zauna a ƙasar da ba ya jin ko kalma ɗaya ba, ba zai gane abin da tukunyar nan take gare mu ba.

Babbanmu shi ne wanda muke ce wa Liman. Unguwarmu ɗaya a gida, ubansa ne malamin unguwa, ni kuma ubana magini ne. Ya girme ni, ya fi ni baki, yana da murya mai daɗin ƙira'a, wannan kam ba zan hana shi ba. Ranar da muka sauka, ya hau da mu saman benen kwananmu inda ake shanya, ya nuna wajen da rana ke fitowa, ya ce, "Ga gabas." Muka shimfiɗa dardumanmu. Wa zai ce wani abu? Tun muna goye kalmar ke nan da muka sani. A gidanmu ba a cewa wane yana salla, sai a ce yana kallon gabas. In aka ce mutum ba ya kallon gabas, an gama da shi. Shi kansa Baba, da ya raka ni tasha, bai yi mini dogon wa'azi ba. Mutum ne da bakinsa bai saba da magana ba, hannunsa ne ke yi. Ya gina masallatan unguwa da dama, kuma kafin ya sa tubali ɗaya sai ya je wurin da sassafe ya ga fitowar rana, ya kafa turke. Ya riƙe kafaɗata da hannun nan nasa mai kaushi, ya ce, "Duk inda ka je, ka riƙe gabas. In ka riƙe ta, na yafe maka sauran." Iyakar abin da ya ce ke nan.

A shekarar farko ana koya mana harshe, ana kuma share mana fage a lissafi da kimiyyar lantarki. Mai koya mana lantarki wata dattijuwa ce 'yar firit, muna ce mata Lawshi, wato malama. Hannun rigarta kullum fari da alli. Ba ta dariya, ba ta kuma zagi, kallo kawai take yi maka ka ji ka raina kanka. Yaran yanzu in aka ba su tambaya, hoto suke ɗauka, waya ta tofo musu amsa, su kwafe ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mu kuwa gaban allo ake tsayar da kai, aji na jiran ka faɗi.

Ranar da nake magana, ta zana faranti biyu na ƙarfe suna kallon juna, ɗaya a hagu ɗaya a dama, ta cika tsakaninsu da kibau, duk tsawonsu ɗaya, duk sun nufi dama. Ta ce wannan shi ne filin lantarki na bai-ɗaya: ko ina ka tsaya a ciki, turin da za ka ji ɗaya ne, wajen da zai tura ka ma ɗaya ne. Mu da muka ji an ce fili, har wani cikinmu ya raɗa cewa ko na sayarwa ne a yanka masa fuloti. Sai ta ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiya, ta ce wannan caji ne mai turawa, shi ma yana da filinsa, amma nasa dabam ne. Kibansa daga jikinsa suke fita ta kowace fuska, kamar ƙarafan ƙafar keke. Kusa da shi suna da ƙarfi, in ka ninka nisa ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ta ce, a wani wuri ƙarfin filin farantan huɗu ne, na ɗigon kuma uku. Nawa ne duka? Ta miƙo mini alli.

Na ce a raina, yau ga banza ta faɗi. Na rubuta bakwai, ƙatuwa, har da ja mata layi. Lawshi ta dubi bakwai ɗin, ta dube ni, ta ce, "Kana ina?" Na ce ina aji. Aji ya kwashe da dariya. Ta sake cewa, "Kana ina? A wane gefen ɗigon kake tsaye?" Ta kama hannuna da allin ta kai dama da ɗigon. A nan kibiyar faranti ta nufi dama, ta ɗigo ma dama, suna taya juna, bakwai ɗina ta yi daidai. Ta ja hannun zuwa hagu. A nan kibiyar faranti tana nan a damarta, amma ta ɗigo ta juya hagu, tunda guje masa take yi, sai suka ci juna, saura ɗaya. Ta ɗaga hannun sama da ɗigon. Ɗaya ta nufi dama, ɗaya ta nufi sama. Ta sa na ninka huɗu da kansa, uku da kansa, na haɗa, na nemo lambar da in ta ninka kanta za ta ba da wannan, sai ga biyar, kibiya a karkace. Ta kuma nuna mini cewa in na matsa kusa da ɗigon ta hagu, akwai wurin da ƙarfin biyun zai zo daidai, su kashe juna, ba abin da zai motsa. Daga nan ta goge alamar ɗigon ta mai da shi caji mai ja, ta juya kan kibansa duka suka koma suna nuna shi. Da ɗan Turancinta mai gutsuttsura ta ce, ba a tara kibau kamar ana tara shinkafa a buhu. Kafin ka ce nawa, ka ce ina. Filin faranti bai damu da inda kake ba, amma na ɗigo sai ya tambaye ka.

Aka tashi, ni na tsaya goge allo. A bangon ajin akwai taswirar duniya irin tasu, wadda suke sa ƙasarsu a tsakiya, mu kuma a can gefe kamar za mu zame mu faɗi. Ina kakkaɓe tsumma idona ya sauka a kanta. Na nemo Makka na sa yatsa. Na nemo Kano, tana hagu. Na nemo garin da nake tsaye, yana dama. Sai na ji gabana ya faɗi. Ashe Makka ɗigo ce mai ja, kibau na nuna ta ta kowace fuska. Daga gida kibiyar gabas ta nufa, gaskiya ne. Daga nan kuwa yamma ta nufa. Mu mun ɗauki gabas kamar filin faranti, iri ɗaya ko ina, alhali ta ɗigo ce. Wata da watanni muna saman bene muna ba Ɗakin Allah ƙeya.

Da gudu na je, wauta ta ƙuruciya, na zaci goro na kawo musu. Na tarar ana alwalar la'asar. Na ce, "Yaya, mun yi kuskure, alƙibla tana bayanmu." Na ɗauki gawayi na zana musu a siminti, ga ɗigo, ga kibau, ga mu. Liman bai ko sunkuya ya duba ba. Ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce ba wanda ya gaya mini, daga darasin Lawshi na gano. Ya yi wata dariya da har yau ban manta da ita ba. Ya ce, "To, madalla. Matar da ba ta san tsarki ba ita za ta nuna mana alƙibla. Kai ɗan magini, gabas gabas ce ko a birnin Sin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Na ce, "Yaya, ba rimi ba ne, taswira ce, zo mu je ka gani." Ɗayanmu, wani ɗan Damagaram mai sanyin hali, ya ce ai dubawa ba laifi ba ne. Liman ya daka masa tsawa, ya ce ko da haka ne ma ai duniya a zagaye take, in ka miƙe gabas za ka isa. Na ce in haka ne mutumin Kano ma ya kalli yamma mana. Nan fa ya miƙe, ido ja, ya ce in maimaita. Ban maimaita ba. Aka ta da iƙama, suka yi sahu suka kalli inda suka saba. Ni kuma na ja dardumata baya, na juya, na kabbarta ni kaɗai, ƙeyata na kallon ƙeyarsu.

Washegari na zo ɗaukar tukunya in wanke, aka ce in bar ta. Liman ya ce ba ya cin abin da hannun wanda ya ba gabas baya ya taɓa, kuma yankana bai halatta ba. Sauran ukun suka sunkuyar da kai. Su ma ban manta musu ba, ko da yake biyu sun riga mu gidan gaskiya. Na koma cin dafaffen ƙwai da farar shinkafa da sukari, ina jin ƙamshin miyar kuka ta bangon ɗaki. Wannan duk mai sauƙi ne, ciki ne, ciki kuwa ba ya riƙo.

A lokacin ba waya a hannun kowa. Kaset muke yi. A zauna a kewaye rikoda, kowa ya gai da gida, ya faɗi lafiyarsa, a ba wani ɗan kasuwa mai zuwa sayen yadi ya tafi da shi. In ya isa, a zauren mahaifin Liman ake sa shi, unguwa ta taru ta ji muryar 'ya'yanta. Kaset ɗin da aka yi bayan rigimar nan ba a kira ni ba. Daga baya yayana ya gaya mini abin da ke ciki, kalma da kalma, don ya ce ba zai taɓa mantawa ba. Liman ya gai da kowa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya sassauta murya kamar mai jin tausayi, ya ce, "Ɗan gidan magini kuma sai ku sa shi a addu'a. Wata mata marar salla ta zana masa wasu kibau a allo, yanzu ya ba gabas baya." Baba yana zaune a bakin ƙofa. Aka ce ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, ya manta bai saka ba har gida.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Ƙaramar Salla ta zo, makaranta ta ba mu mota zuwa tsohon masallacin cikin gari, wanda ba mu taɓa zuwa ba saboda nisa da darasin ranar Juma'a. Muka shiga sahu da tsofaffin Musulmin ƙasar masu fararen huluna. A gida, ranar idi rana a fuska take dukanka, kowa ya san wannan. A nan kuwa da aka kabbarta, sai ga inuwarmu a gabanmu, rana tana gasa mana ƙeya. Na saci kallon Liman. Yana kallon inuwarsa. Da muka koma, la'asar ta yi, ya hau bene ya juya dardumarsa yamma ba tare da ya ce wa kowa komai ba, sauran suka bi shi. Da yamma ɗan Damagaram ya turo mini kwanon tuwo. Shi ke nan wai an shirya.

Na sami Liman a ɗaki, na ajiye rikoda a gabansa. Na ce, "Yaya, don Allah ka yi magana biyu. Ka ce ka duba, yaron nan yana kan daidai. Muryarka suka ji, ita za su yarda da ita." Ya ce, "Ni ban ce ka bar salla ba. Abin da na gani na faɗa." Na ce to ka faɗi abin da ka gani a idi. Ya ce, "So kake in kunyata mahaifina a zaurensa?" Na durƙusa masa, wallahi na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa wani namiji ba sai Baba. Ya tashi ya ɗauki butarsa ya fita. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma shi ya naɗa, ni na ɗauki tsiyar.

Sai na yi nawa kaset ni kaɗai. Na yi bayani iyakar iyawata, har da faranti da ɗigo da kibau, kamar mai koyar da aji. Ka ji wauta, yaya za a zana kibiya a kunnen mutum? Aka sa wa Baba. Duk bayanin ya bi iska, kalma ɗaya ya tsinta. Ya ce, "Da bakinsa ya ce yamma yake kallo." Ya tafi wajen malamin unguwa ya tambaya, malam ya ce shi dai ɗansa ba ya ƙarya. Alhazai nawa ne a unguwar nan da suka ga yadda ake kewaye Ɗakin ta kowace fuska? Ba wanda ya buɗe baki, wa zai ƙaryata ɗan malam a kan ɗan magini. Amsar da ta zo mini muryar yayana ce, Inna tana kuka a bayansa. Ya ce, "Baba ya ce ka juyo gabas, sannan ya yi magana da kai." Na sa rai in na je hutu zan zaunar da shi a tsakar gida, in kafa turke, in zagaya shi, a minti kaɗan zai gane, mutumin da ya yi rayuwarsa da turke da igiya. Kafin hutun ya zo ciwon ciki ya ɗauke shi.

To, Liman ɗin nan ne ya shigo shagona yana bin kibiyar waya. Da ya ɗago ya gane ni, sai ya washe baki, ya ce, "A'a! Ɗan magini! Ashe kana nan? An ce ka zama lawban." Wato mai gida, da harshen mutanen nan. Na ce, "Ina nan, Alhaji." Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, mutumin kirki. Zo ka ja mu salla, kai ne ɗan gari." Na ce, "Wace fuska za mu kalla?" Ya yi 'yar dariya, ya kaɗa hannu, ya ce, "Haba, kai ma dai. Ai wannan ya wuce, ƙuruciya ce."

Na fito daga bayan kanta. Na ce, "Alhaji, bari in gaya maka abin da ya wuce. Da na je gida, yayana ya kai ni maƙabarta. Ka san yadda ake kwantar da mamaci, a gefen dama, fuska gabas. Na tsaya ta bayansa, na ji ba zan iya yi wa ƙeyarsa magana ba, na gaji da ƙeya. Na zagaya ta wajen fuskarsa. Da na tsaya sai na ga ashe yamma nake kallo. Shi gabas, ni yamma, ido da ido. Haka muke tun ranar da na juya darduma a saman bene. Sau biyar a yini yana kallona ina kallonsa, Ɗakin Allah a tsakaninmu, ya kuma mutu yana zaton baya na ba shi. Abin da za ka faɗa a rikoda ke nan. Ba zai kai ka shan kofin shayi ba."

Wayar tana hannunsa, kibiyar na nan a tsaye inda take. Na ɗauko darduma na shimfiɗa masa daidai, na gyara mata baki don kada ta karkace, tunda baƙo ne kuma salla ba tawa ba ce. Sannan na ɗauki tawa na fita, na yi sallata a ƙarƙashin matakala.